Ta yaya ake auna tsawon lokacin da aiki ke ɗauka kafin ya isa hannun mai shi?

Sabon Jagora ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna jan ragamar ƙungiyoyin rubuta manhaja a tsarin ajail, wato yin aiki kaɗan-kaɗan ana isar da shi a kai a kai. A ɗauka ƙungiya ce ta mutum bakwai: masu rubuta kod biyar, mai gwaji ɗaya, mai zana fuskar manhaja ɗaya. Suna aiki zango-zango na mako biyu irin na tsarin Sikiram, ɗaya daga cikin hanyoyin ajail, allon aikinsu kuma yana kan manhajar Jira, inda kowane aiki ke da katinsa. A farkon kowane zango ana kiyasta wa kowane kati maki gwargwadon wahalarsa, a ƙarshe a tara, a ce an ci maki 34 ko 40.

To amma masu kuɗin aikin ba maki suke tambaya ba. Abin da suke cewa shi ne, "In na kawo buƙata yau, yaushe zan gan ta a waya?" Makin ba ya amsa wannan. An gwada raba makin da kwanaki, lissafin bai taɓa yin daidai ba, domin katin maki 2 kan shafe mako uku, na maki 8 kuma a gama shi cikin kwana huɗu.

Me ya kamata a riƙa aunawa? Daga ina agogo ke fara ƙirga, a ina zai tsaya? Sannan in an samu lambobin, yaya ake mayar da su amsar da za a ba mai aiki ba tare da an yi masa alkawarin da za a saɓa ba? Allah Ya saka da alheri.

Injiniya Mai Allo ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin a je ga Jira, tuna shagon tela ana saura mako uku Sallah. Ka kai yadi ranar 1 ga wata, ka karɓi riga ranar 20. A wurinka ɗinkin ya ɗauki kwana 20. Shi kuwa tela, bai sa almakashi a yadinka ba sai ranar 17, don haka in aka tambaye shi zai ce kwana huɗu ya yi yana ɗinka maka. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinku. Agogo biyu ne, kuma rabin gardamar da ake yi a kan wannan batu daga cakuɗa su take tasowa.

Na farko shi ne lokacin jiran mai aiki, wanda 'yan sana'a ke kira lid-taim: daga ranar da aka karɓi buƙata zuwa ranar da ta isa hannun mai amfani. Na biyu lokacin da aiki ya yi a hannu, saikul-taim: daga ranar da ƙungiya ta fara taɓa katin zuwa ranar da ya fita. Masana kansu ba su haɗu a kan suna ɗaya ba, wani na kiran na biyun da sunan na farko. Saboda haka kada ka ɓata lokaci a kan suna. Ku zauna da ƙungiya ku rubuta jimla biyu a saman allo: agogo na fara ƙirga idan kati ya shiga sashe kaza, yana tsayawa idan ya shiga sashe kaza. Duk lambar da za ka kai wa kowa, ka faɗe ta tare da waɗannan iyakoki biyu.

Shawarata, fara da na biyun, domin shi ne ke hannun ƙungiya. Na farkon yana da wata matsala: rumbun buƙatu cike yake da katunan da aka jefa wata takwas da suka wuce, ba wanda ya yi niyyar yin su. In ka ƙirga daga ranar da aka ƙirƙiri kati, ranar da aka tono ɗaya daga cikinsu aka gama shi cikin kwana biyu zai fito maka da kwana 240. Maganinsa a samu sashe guda na "mun ɗauki alkawari", wanda kati ba ya shigarsa sai an yarda lalle za a yi shi nan kusa, a fara ƙirga jiran mai aiki daga nan.

Wurin tsayawar agogo ma sai an kula. Idan mai rubuta kod ya ce "na gama", aikin bai kai ko'ina ba tukuna. Agogo ya tsaya ranar da abin ya hau saba, wato kwamfutar da jama'a ke samun manhajar daga gare ta. In manhajar waya ce da sai ta bi ta tantancewar Play Store ko App Store, ku yanke shawara tun farko ko jiran tantancewar na cikin lissafi. Ni ina ganin ya shiga, tunda mai aiki yana jiran waɗannan kwanakin.

Abin da ake rubutawa ba shi da yawa. A Excel ko Google Sheets, layi huɗu na tsaye sun isa: lambar kati, irin aikin, ranar farawa, ranar gamawa. Na biyar shi ne ranar gamawa a debe ranar farawa a ƙara 1. Ana ƙara ɗayan ne don kada katin da aka fara aka gama a rana guda ya fito da sifiri, alhali ya ci wani abu daga ranar.

Yanzu ga inda mutane ke faɗawa rami: matsakaici. Ga misalin kati 20 da aka jera kwanakinsu daga ƙarami zuwa babba:

1, 2, 2, 3, 3, 3, 4, 4, 5, 5, 6, 6, 7, 8, 9, 11, 13, 16, 22, 38

Jimlarsu 168, matsakaici kwana 8.4. In ka ce wa mai aiki "kwana takwas", duba jerin: kati 14 ne suka gama cikin kwana takwas, shida sun wuce. Ke nan cikin kowane alkawari goma za ka saɓa uku, kuma saɓawar ba ta kwana ɗaya ba ce, wani har wata guda zai ƙara. Sannan katin nan mai kwana 38 shi kaɗai ya ja matsakaicin sama. Cire shi, sauran 19 su ba ka 6.8. Lokacin aikin manhaja haka siffarsa take, tarin katuna a ƙasa da doguwar jela a sama, domin aiki ba ya iya ƙarewa ƙasa da kwana ɗaya amma ba abin da zai hana shi kai wata uku.

Abin da ke aiki shi ne ƙirga matsayi a jerin. Kati na 10 da na 11 suna kan kwana 5 da 6, wato rabin aikin na fita cikin kwana shida. Kati na 17 cikin 20, wato kashi 85 cikin 100, yana kan kwana 13. Na 19, kashi 95, kwana 22. Sai amsarka ga mai aiki ta zama: "Daga ranar da muka fara, cikin kowane aiki goma, takwas zuwa tara kan fito cikin kwana 13 ko ƙasa da haka." A Excel, PERCENTILE.INC da 0.85 zai ba ka 13.45 a wannan jerin saboda yana cike tsakanin lambobi biyu. Ɗaga shi zuwa 14, ba laifi. Kashi 85 ɗin ba wahayi ba ne, al'ada ce kawai ta masu kanban, wato tsarin tafiyar da aiki da katuna a kan allo. Aikin da doka ta sa wa wa'adi, yi amfani da 95.

Game da maki kuwa, Jagorar Sikiram ta 2020 ba ta ambaci makin kiyasi ko gudun ƙungiya (yawan makin da take ci a zango) ko sau ɗaya ba. Ɗabi'a ce da ta shigo daga wani reshen ajail ta zauna. Maki hasashen wahalar aiki ne kafin a fara, ba ya ganin kwanakin da kati zai yi yana jiran wani ya dube shi.

Sabon Jagora ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Injiniya, misalin tela ya zauna. Abu biyu suka rage mini. Kwanakin kalanda ake ƙirgawa ko na aiki kawai, a cire Asabar da Lahadi da hutun Sallah? Sannan katunan ba girmansu ɗaya ba, wani gyaran rubutu ne a maɓalli, wani kuma haɗa manhaja da tsarin biyan kuɗi na banki. Ba zalunci ba ne a zuba su kwarya ɗaya?

Malama Mai Gwaji ta amsa:

Malam, kwanakin kalanda. Wanda ke jiran gyara ba ya daina jira ranar Asabar. Akwai masu amfani da NETWORKDAYS na Excel su cire ranakun hutu, kuma ba kuskure ba ne in an tsaya a kan hakan koyaushe, amma sai ka koma kana fassara "kwana goma na aiki" zuwa ranar wata duk lokacin da aka tambaye ka, kuma a nan ake samun saɓani. Illar kalanda guda ce: katin da aka fara ranar Juma'a da yamma zai ɗauki kwana biyu na banza. To wannan ma darasi ne, a daina buɗe sabon aiki Juma'a da yamma in akwai wanda za a iya rufewa.

Ni abin da nake son ƙarawa a kan bayanin Injiniya shi ne, lambar da ya nuna maka labarin jiya take bayarwa. Sai kati ya fita ake sanin kwanakinsa, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Ma'aunin da ake sarrafa aiki da shi kullum shi ne tsufan kati: ranar yau a debe ranar da aka fara shi, a ƙara 1, ga duk katin da bai fita ba. Jagorar Kanban da ta fito a 2020 ta lissafa shi cikin ma'aunai huɗu, tare da yawan aikin da ke hannu, yawan abin da ake fitarwa, da lokacin da aiki ya yi a hannu. A taron safe na minti 15, maimakon a zaga kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, a fara daga dama na allo, daga katin da ya fi kowanne tsufa. Da jerin Injiniya: katin da ya kai kwana shida ya riga ya wuce rabin 'yan'uwansa, a tambayi me ya riƙe shi. Wanda ya kai tara ko goma kuma yana sashen rubuta kod har yanzu, ba zai fita cikin 13 ba sai an yi wani abu a ranar, ko a raba shi gida biyu, ko mutum na biyu ya sa hannu, ko a je a ƙwanƙwasa ƙofar wanda ake jira.

Kuma in ka buɗe tarihin tsofaffin katuna za ka ga abin da ke cinye kwanakin. Ɗauki kati mai kwana goma: kwana biyu ana rubuta kod, kwana uku yana jiran mai bitar kod, rabin yini ana bitar, kwana biyu yana jiran mai gwaji, rabin yini ana gwajin, kwana biyu yana jiran ranar sakin manhaja ga jama'a. Aiki kwana uku, zaman jira kwana bakwai. Ko da mai rubuta kod ya ninka saurinsa, kwana ɗaya tak aka rage. Amma in aka sa dokar cewa ba a barin buƙatar bita ta wuce rabin yini, an rage kwana biyu da rabi ba tare da kowa ya ƙara gumi ba. Ƙungiyar da ka kwatanta, masu kod biyar a kan mai gwaji ɗaya, ba sai an yi duba ba an san inda layin yake.

Allon da ke da sassa uku kacal, "za a yi, ana yi, an gama", yana ɓoye duk wannan. Raba kowane mataki biyu: "jiran bita" da "ana bita", "jiran gwaji" da "ana gwaji", sannan "jiran saki". Sai dai kada a zurfafa wajen auna sa'o'in da hannu ya taɓa aiki, domin ba wanda ke matsar da kati duk lokacin da ya tashi salla ko taro, lambar za ta zama ƙage. Kwanakin da kati ya yi a sassan jira sun ishe ka.

Sai abubuwan da ke gurɓata lambobi a Jira, domin taswirarsa ta lokacin aiki, wadda ke cikin rahotannin allo, abin da aka ba ta take nunawa. Akwai mai yin aikin duka sannan ya ja katin daga "za a yi" kai tsaye zuwa "an gama". Wannan zai fito da sifiri ya ja lambobinka ƙasa. Akwai sharar ranar ƙarshen zango, inda ake tura katuna goma sha biyu zuwa "an gama" cikin minti biyar. A taswirar ɗigo-ɗigo za ka gan su a tsaye kan layi ɗaya kamar sanda. Akwai katunan da aka rufe don an fasa ko don an maimaita su, waɗanda dole a tace su a fitar, tunda ba a isar da komai ba. Mafi muni shi ne mayar da kati baya: gwaji ya gano matsala, sai a mayar da katin rumbu, a sake jawo shi mako mai zuwa kamar sabo. Agogo ba ya komawa sifiri. Ranar farawa ita ce ta farko da aka taɓa shi, ko sau nawa ya yi kai-komo. Haka wanda ya maƙale saboda ana jiran wani kamfani na waje, a bar shi a sashensa a sa masa tuta, agogo ya ci gaba da ƙirga. In aka tsayar da agogo duk lokacin da laifin ba namu ba ne, lambar za ta yi kyau, mai aiki kuma yana nan yana jira.

Mai Lissafi ya amsa:

Malama ta taɓo layi, bari in sa masa lissafi. Akwai ƙa'idar da John Little ya tabbatar da hujjarta a 1961: a tsarin da ya daidaita, matsakaicin lokacin da abu ke yi a ciki daidai yake da matsakaicin yawan abubuwan da ke ciki a raba da matsakaicin yawan da ke fita. Kati 24 a hannu, ana fitar da 6 a mako, kowane kati zai yi mako huɗu a matsakaici. Mutanen nan dai, saurin nan dai, amma kati 12 a hannu: mako biyu. Telan da ya yanka yadi talatin don kowane mai kaya ya ga an fara masa, bai ƙara ko riga ɗaya a abin da yake ɗinkawa a mako ba, ya dai sa kowa jira mai tsawo. Wannan shi ne dalilin iyakance aikin da ke hannu a kanban, tsarin da asalinsa daga masana'antar motoci ta Toyota yake, inda Taiichi Ohno ya gina shi, kafin David Anderson da wasu su shigo da shi aikin manhaja a shekarun 2000.

Gargaɗi biyu a kan ƙa'idar. Maganar matsakaici take yi, ba ta faɗa maka ranar da kati kaza zai fita, don haka kada a yi alkawari da ita. Sannan tana da sharuɗɗa: abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita a tsawon lokacin da ake aunawa, duk katin da aka fara ya fita, kuma katunan da ke ciki kada su riƙa tsufa ana tsallake su. Sharaɗi na ƙarshen shi ake karyawa kullum da "aikin gaggawa". Duk katin da ya tsallake layi, kwanakin da ya rage wa kansa a wuyan sauran ya ɗora su, kuma daga nan jelar nan ta kwana 22 da 38 ke fitowa. In dole ne a yi layin gaggawa, kati ɗaya a lokaci guda, a kuma riƙa ƙirga nawa suka bi ta nan a wata.

Wani abin da shugabanni ba sa son ji: cika wa kowa hannu yana tsawaita jira. A mafi sauƙin lissafin layi, mai hidima ɗaya da aiki na zuwa ba tsari, jira yana tafiya ne da kason shagaltuwa a raba da abin da ya rage. Mai gwajin da ke shagale rabin lokacinsa, jiran ya yi daidai da tsawon aikin sau ɗaya. A kashi 80, sau huɗu. A kashi 90, sau tara. A 95, sau 19. Ƙungiya ta gaske ba ta bin lissafin nan daidai-wa-daida, amma siffar hawan haka take.

Yanzu tambayar da ba ka yi ba amma za a yi maka: ba kati ɗaya ba, "sauran kati 30 ɗin nan yaushe za su ƙare?" Nan ba a ninka kwana 13 sau 30, domin katuna tare suke tafiya. Yawan fitarwa ake dubawa. A ce makonni goma da suka wuce an fitar da 3, 5, 4, 7, 0, 6, 4, 5, 2, 6. Matsakaici 4.2, sai a ce 30 a raba da 4.2, mako bakwai da 'yan kai. Hanyar da ta fi ita ce jarrabawar Monte Kalo, kuma Excel ya isa. Zuba lambobi goman a A1 zuwa A10. A wani wuri rubuta INDEX na wannan jerin tare da RANDBETWEEN daga 1 zuwa 10, ya zaɓo maka mako guda ba zaɓe. Ja shi gefe har mako 15, ka tara, ka ga a mako na nawa jimlar ta kai 30. Wannan makoma ɗaya ce. Kwafe layin sau 1,000 ka ƙirga sakamakon. Da waɗannan lambobin za ka samu kusan rabin jarrabawar ne kawai suka gama cikin mako bakwai, wajen uku cikin huɗu a mako takwas, wajen tara cikin goma a mako tara. Ka ga mako bakwai ɗin da matsakaici ya bayar, jefa kwabo ne.

Sifirin nan da ke jerin, in makon Sallah ne, kada ka goge shi idan akwai wani hutun a gaba cikin wa'adin da kake hasashe. Sannan kati 30 ba sa zama 30: ana fara aiki suke haihuwa. Duba aikin baya, in kati goma na rumbu kan zama goma sha uku kafin a gama, to da 39 za ka yi lissafi. A sake jarrabawar duk mako da sababbin lambobi.

Ba a buƙatar tarihi mai tsawo. Da kati 11 kacal, damar na gaba ya faɗo tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma da ka gani ita ce 10 cikin 12, in yanayin aikin bai sauya ba. Makonni 10 zuwa 12 na baya-bayan nan sun fi shekara biyu amfani, domin ƙungiyar bara ba ita ce ta bana ba.

Dattijon Kod ya amsa:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, sai dai ina da ja a wuri ɗaya, Malam Sabon Jagora, kuma gara ka ji shi kafin ka kai lambobin nan ofishin manya. Ranar da aka ce "daga yanzu kwana 13 ya koma 8, kuma da shi za a duba ƙarin albashi", ranar ma'aunin ya mutu. Masanin tattalin arziki na Ingila Charles Goodhart ya lura da irin wannan tun 1975 a harkar kuɗi: ma'aunin da aka mayar abin matsa wa mutane yakan daina faɗin gaskiya. A allon aiki hanyoyin sanannu ne. Mutum ya yi kwana uku yana aiki kafin ya ja katin zuwa "ana yi". A yanka aiki ɗaya zuwa katuna shida da ba wanda ke da amfani shi kaɗai. A rufe kati da matsalarsa, gobe a buɗe sabo da sunan gyara. Saboda na ƙarshen nan, duk inda aka nuna kwanaki a nuna yawan gyare-gyaren da suka dawo a gefensa. Kada a fitar da lambar mutum ɗaya-ɗaya, tunda Malama ta nuna yawancin kwanakin ba a hannun kowa kati yake ba. Kada kuma a jera ƙungiyoyi biyu a ce wannan ta fi sauri. Mai yiwuwa agogonsu ma ba wuri ɗaya yake farawa ba.

Akwai kuma agogo na uku da za ka ci karo da shi, kada ya rikita ka. Masu binciken DORA, wani bincike kan yadda ƙungiyoyi ke sakin manhaja, su Nicole Forsgren da Jez Humble da Gene Kim, sun riƙa auna lokacin da canji ke ɗauka daga sa'ar da aka ajiye kod a ma'ajiya zuwa sa'ar da ya hau sabar jama'a, tare da yawan saki, kason sakin da ke jawo matsala, da lokacin farfaɗowa. Wannan guntun ƙarshe ne na tafiyar, bita da gwaji da saki, bai haɗa da tunani da zane da rubutun farko ba. Ƙungiya na iya samun sa'a uku a wannan agogon, mai aiki kuma ya jira wata biyu. Amfaninsa shi ne na'ura ke rubuta lokutan, ba a dogara da wanda ya tuna ya ja kati ba. Amma shi ma yana da tarko: in kuna dunƙule ajiye-ajiyen reshe (kwafin kod da mutum ke aiki a kai kafin a haɗe shi da na kowa) su zama guda ɗaya lokacin haɗewa, babban reshe zai nuna ranar haɗewar ce kawai, kwanakin da reshen ya yi yana jira su ɓace. A irin wannan hali ɗauko lokacin ajiyar farko da lokacin buɗe buƙatar haɗewa daga shafin ma'ajiyar kod, GitHub ko GitLab, ba daga tarihin babban reshe ba.

Injiniya Mai Allo ya ƙara da cewa:

Saura tambayar girman katuna, ba a amsa ta kai tsaye ba. Ba sai sun zama girma ɗaya ba, Malam. Jerin kati 20 ɗin can ya riga ya ƙunshi ƙanana da manya, shi ya sa ya bazu daga 1 zuwa 38, kuma kashi 85 ɗin ya haɗiye bambancin. Abin da ake yi a taron tsara zango shi ne tambaya ɗaya a kan kowane kati: muna ganin zai fita cikin kwana 13? In an ce e, a ɗauka. In an yi shiru, a raba shi ta yadda kowane yanki zai iya isa hannun mai amfani shi kaɗai. Haɗin banki, misali, a fara da biya ta hanya guda a yanayin da komai ya tafi daidai, sai mayar da kuɗi ya zama kati na biyu, sulhunta lissafi na uku.

Layin "irin aikin" da na ce a saka a Excel, nan yake amfani. Tace gyaran matsala daban, sabon aiki daban, wanda ya dogara da wani kamfani na waje daban, ka fitar da kashi 85 na kowanne. In sun yi kusa da juna, haɗe su ka huta. In na waje ya fito da kwana 30 sauran suna kan 10, ba mai aiki lamba biyu, kuma ka faɗa masa tun ranar da ya kawo buƙatar wanne rukuni ta faɗa. Sai dai kowane rukuni ya samu kati goma zuwa sama kafin ka dogara da lambarsa.

Gwaji na ƙarshe, wanda ba zai ci maka minti 20 ba: ɗauki katunan wata uku da suka wuce, sa makinsu a gindin taswira, kwanakinsu a tsaye, ka kai taron bitar zango mai zuwa ƙungiya ta gani da idonta ko ɗigon katunan maki 2 da na maki 8 sun rabu ko sun cakuɗe.